Yadda Lissafi Da Kwamfuta Ke Taimakawa Wajen Horar Da Bakteriya

Gabatarwa

Da zarar an ambaci bakteriya, abin da ke fara zuwa wa yawancin ɗalibai a rai shi ne cuta, irin su kwalara da taifot da tarin fuka. Gaskiya ne bakteriya ce ke haddasa waɗannan. Amma kuma ita ce ke sa madara ta zama nono, ita ce kuma ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Ke nan iyayenmu mata sun daɗe suna sa bakteriya aiki, ko da yake ba su taɓa ganin ta da ido ba.

A wannan zamani masana kimiyya sun wuce nan. Suna sake jera ƙwayoyin gadon bakteriya domin ta yi aikin da ba ta saba yi ba, kamar yin magani, ko gano guba a ruwan sha. Wannan fanni za mu kira shi ilimin tsara halittu. Masanan ba sa yin rai daga babu. Abin da ke akwai suke ɗauka su sake masa tsari, kamar yadda tela ke yanka yadi ya ɗinka riga. Babbar matsalar fannin kuwa ita ce, sau da yawa bakteriyar da aka tsara ba ta yin abin da aka zata. Wannan darasi zai duba dalilan haka, da kuma yadda lissafi da kwamfuta ke taimakawa a san abin da za ta yi tun kafin a gina ta.

Ita kanta bakteriyar

Wadda aka fi aiki da ita a ɗakin gwaje-gwaje ita ce Escherichia coli, a taƙaice E. coli. Wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya bayyana ta a shekarar 1885. Tana zaune a hanjin mutum da na dabbobi, kuma yawancin ire-irenta ba sa cutarwa. Ƙanƙantarta ta kai a jera guda 500 kai da kai kafin a cika milimita ɗaya. Idan ta sami abinci da ɗumi yadda take so, takan rabu biyu kowane minti 20. Ku lissafa da kanku: guda ɗaya za ta zama 8 cikin awa ɗaya, cikin awa 7 kuwa ta haura miliyan 2.

Umarnin da ke tafiyar da rayuwarta yana rubuce a cikin sinadarin DNA, da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. A shekarar 1997 aka gama karanta na E. coli gaba ɗaya, aka tarar da haruffa kusan miliyan 4.6, da ƙwayoyin gado sama da 4,000. Galibin ƙwayoyin gado umarni ne na yin furotin, furotin kuwa shi ne ma'aikacin da ke yin kusan kowane aiki a cikin halitta.

Ba duka ƙwayoyin gado ke aiki a lokaci ɗaya ba. A shekarar 1961 wasu Faransawa biyu, François Jacob da Jacques Monod, suka nuna cewa E. coli tana da wani furotin da ke zama a bakin ƙwayoyin gadon narkar da sukarin madara, ya hana a karanta su. Sai in akwai sukarin ne yake sakin wurin. Irin wannan furotin za mu kira shi mai gadi. Wannan bincike ya nuna cewa ƙwayar gado tana da makunni kamar fitilar lantarki. A 1973 kuma Stanley Cohen da Herbert Boyer na Amurka suka nuna yadda za a yanko DNA daga wani wuri a dasa shi cikin bakteriya. A 1978 aka sa E. coli ta yi insulin irin na ɗan Adam, a 1982 kuma aka amince a ba masu ciwon sukari shi.

Da'irori biyu na farko

Dasa ƙwayar gado ɗaya abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da haɗa da yawa su riƙa kunnawa da kashe juna. Irin wannan haɗi ana ce masa da'ira, don ya yi kama da haɗin wayoyin lantarki. A watan Janairu na 2000 mujallar Nature ta buga da'irori biyu da ake ɗauka a matsayin mafarin fannin.

Ta farko makunni ce, wadda Timothy Gardner da Charles Cantor da James Collins suka gina a Jami'ar Boston. Masu gadi biyu suka sa, kowanne yana hana a yi ɗan'uwansa. Wanda ya rinjaya shi zai ci gaba da riƙe gida, har sai an kawo wani sinadari ko zafi ya ture shi. Ta haka bakteriya ke iya "tuna" abin da aka yi mata. Kafin su taɓa kwalbar gwaji, sai da suka rubuta lissafi, lissafin ya nuna musu cewa dole ƙarfin masu gadin biyu ya yi kusa da juna, in ba haka ba ɗaya zai danne ɗaya har abada.

Ta biyu agogo ce, wadda Michael Elowitz da Stanislas Leibler suka gina a Jami'ar Princeton. Masu gadi uku ne a zagaye: na ɗaya yana hana na biyu, na biyu yana hana na uku, na uku yana hana na ɗaya. Suka haɗa da wani furotin mai ƙyallin kore da aka samo daga wata halittar teku. Bakteriyar ta riƙa haske tana dushewa, kimanin kowane minti 150. To amma agogon bai da daidaito. Wajen kashi 40 cikin ɗari ne na bakteriyar aka ga suna bugawa sosai, kuma ko 'ya'yan uwa ɗaya, cikin ɗan lokaci kowacce ta kama nata lokacin daban.

Me ya sa ba ta bin tsari?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Akwai manyan dalilai huɗu.

Na ɗaya, ƙarancin adadi. A cikin bakteriya guda, wasu furotin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Mai gadin da Jacob da Monod suka gano, alal misali, kimanin guda goma ne kawai a cikin kowace E. coli. Inda abu ya yi kaɗan haka, sa'a ce ke mulki. A 2002 Elowitz da abokan aikinsa suka sa ƙwayoyin gado biyu masu makunni iri ɗaya cikin bakteriya ɗaya, wata tana ba da launin rawaya, wata shuɗi-shuɗi. Da a ce komai yana tafiya daidai, da duka sun fito launi guda. Sai ga shi wasu sun fi rawaya, wasu sun fi shuɗi.

Na biyu, maƙwabtaka. Guntun DNA da ya yi aiki da kyau a wani wuri yana iya canja hali idan aka sa shi kusa da wani guntun daban. Makanike ya san ƙusar da ya saya a Kano ita ce dai idan ya kai ta Jos. Sassan DNA ba su da wannan tabbas.

Na uku, nauyin kaya. Bakteriya tana da iyakar abinci da iyakar injinan yin furotin, waɗanda ake kira ribosom. Duk abin da da'irar da aka dasa ta ci, daga rabon bakteriyar aka ɗebe. Jakin da aka labta wa kaya fiye da kima tafiyarsa takan ragu. Haka ita ma, girmanta ya ragu, raguwar kuma ta dawo ta canja aikin da'irar.

Na huɗu, sauyin gado. Wajen kwafe DNA akan yi kuskure jefi-jefi. Idan kuskuren ya lalata da'irar, wannan bakteriyar ta sauke kaya ke nan, za ta fi sauran saurin haihuwa, jikokinta su mamaye tukunya.

Aikin lissafi

Bari mu fara da misalin da kowane ɗalibi zai iya yi a takarda. A ce bakteriya tana yin wani furotin guda 10 kowane minti, kuma kowane minti kashi ɗaya cikin goma na abin da ke akwai yana lalacewa. Idan akwai 50, za a ƙara 10 a rasa 5, adadin ya hau. Idan akwai 150, za a ƙara 10 a rasa 15, adadin ya sauka. A kan 100 ne shiga da fita za su yi daidai, nan kuma zai tsaya. Kamar randa ce mai huji a gindi: yawan ruwan da ke ciki shi ke ƙara ƙarfin yoyo. Wannan shi ne samfurin lissafi, wato kwatancin abu da lambobi. Idan furotin goma ne ke shafar juna, hannu ba zai iya ba, sai a ba kwamfuta.

Wannan lissafi matsakaici kawai yake bayarwa. Don a san yawan tangal-tangal, akwai wata ƙa'ida mai sauƙi: a mafi sauƙin hali, kaucewa daga matsakaici takan kai kimanin lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da matsakaicin. Idan matsakaici 10,000 ne, kaucewa 100 ce, wato kashi 1 cikin ɗari. Idan 100 ne, kaucewa 10, kashi 10 cikin ɗari. Idan kuwa 4 ne, kaucewa 2, rabi ke nan cur. A cikin halitta ta gaske abin yakan fi haka, domin furotin kan fito ne rukuni-rukuni. Wani masanin Amurka, Daniel Gillespie, ya fito da hanya a 1976 da 1977 wadda kwamfuta ke bi tana jefa ƙuri'a a kan kowane mataki, ta maimaita sau dubbai, har a ga dukan abin da zai iya faruwa da yawan yiwuwar kowanne.

Da irin wannan nazari aka gyara agogon nan. A 2016 Laurent Potvin-Trottier da Johan Paulsson na Jami'ar Harvard tare da abokan aikinsu suka gano inda matsalar take. Ɗaya daga cikin masu gadin yana da ƙarfi ƙwarai, ko 'yan kaɗan ne suka rage suna iya tsare ƙofa, don haka agogon sai ya jira na ƙarshe-ƙarshen su ɓace, wannan kuwa sa'a ce. Sai suka zuba wasu guntayen DNA da ke kama ragowar kamar soso, suka kuma cire wasu sassan da ke kawo cikas. Sabon agogon ya riƙa zagayowa kimanin kowace tsara 14, ya kuma riƙe lokacinsa har ɗaruruwan tsararraki. Abin lura a nan shi ne, yawancin gyaran ragewa aka yi.

Manhajojin da ke tsara DNA

Game da matsalar maƙwabtaka, a 2009 Howard Salis da Ethan Mirsky da Christopher Voigt suka fito da manhaja mai suna RBS Calculator. Kafin a yi furotin, akan kwafi saƙon DNA zuwa wani zare mai suna RNA, sannan ribosom ya kama zaren a wani wuri na musamman. Idan zaren ya naɗe ya rufe wurin, furotin kaɗan za a samu. Manhajar tana lissafa ƙarfin naɗewar da ƙarfin kamun ribosom, ta faɗi yawan furotin da za a samu. Ana kuma iya gaya mata adadin da ake so, ita ta rubuto haruffan. Da aka gwada, hasashenta yakan kauce da kimanin ninki 2.3, a fagen da mafi ƙarfinsa ya ninka mafi rauninsa sau 100,000. Kuskuren ninki biyu ba ƙarami ba ne, amma ya fi lalube cikin duhu nesa ba kusa ba.

A 2016 ƙungiyar Voigt a cibiyar MIT, tare da Douglas Densmore na Jami'ar Boston, suka fito da Cello. Mai aiki zai rubuta buƙatarsa da Verilog, harshen da injiniyoyin lantarki ke tsara sassan kwamfuta da shi, misali: idan akwai sinadari na ɗaya, kuma babu na biyu, ki yi haske. Manhajar za ta zaɓo masu gadi daga cikin waɗanda aka riga aka auna halinsu ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar abin da wannan ke fitarwa ya isa ya motsa na gaba, ta sa shinge tsakanin sassa don kada maƙwabci ya dami maƙwabci, sannan ta rubuto DNA ɗin. Sun gina da'irori 60 a cikin E. coli, 45 suka yi daidai a kowane hali da aka gwada su. A cikin sakamako 412 da aka yi hasashe, kashi 92 cikin ɗari sun fito yadda aka zata. Sauran 15 ɗin da suka gaza su ma sun yi amfani, don sun nuna inda samfurin ke da giɓi.

Lissafin abinci da lissafin lalacewa

Don magance nauyin kaya, masana sukan ɗauki bakteriya kamar kasuwa mai hanyoyi da yawa: sukari ya shiga ta nan, a juya shi zuwa wannan, wannan zuwa wancan. Dokar ita ce duk abin da ya shiga sai ya fita ta wata hanya. Bernhard Palsson na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego da ɗalibansa sun tattara irin wannan taswira ta E. coli a shekarar 2000, aka yi ta faɗaɗa ta, har ta 2011 ta ƙunshi ƙwayoyin gado 1,366. Da ita ake tambayar kwamfuta: in na toshe wannan hanya, ina abincin zai bi? A 2003 ƙungiyar Costas Maranas ta fito da OptKnock, wadda ke neman hanyoyin da in an toshe su, bakteriya ba za ta iya girma ba sai ta yi abin da ake so. Dabara ce ta ɗaure cin ta da aikinta, yadda wadda ta daina aiki ba za ta ci riba ba. Da taimakon irin wannan lissafi kamfanin Genomatica ya sa E. coli ta yi wani sinadarin yin roba daga sukari, aka buga sakamakon a 2011, a 2016 kuma aka buɗe masana'anta a Italiya mai iya yin tan 30,000 a shekara.

Lalacewa ma ana iya lissafa ta. Ga misalin da muka ƙaga don koyo. A ce mai ɗauke da da'ira tana rabuwa kowane minti 30, wadda tata ta lalace kuma kowane minti 25. A awa ɗaya ta farko ta ninka sau 2, ta biyu sau 2.4, ratar 0.4 ke nan. A ce da farko lalatacciya ɗaya ce cikin miliyan. Miliyan kuwa kusan ninki 20 ne a jere. Raba 20 da 0.4, za ka sami awa 50. Wato in ana ta ƙara musu abinci, cikin kwana biyu da 'yan awoyi rabin tukunya ya zama na marasa aiki. Mai masana'anta da ya san wannan zai rage wa da'irar nauyi, ko ya bar ta a kashe har sai bakteriyar ta yi yawa, sannan ya kunna.

Da'ira mai gyara kanta

Dutsen guga na lantarki yakan kashe kansa in ya yi zafi da yawa, ya kunna in ya huce. Mustafa Khammash da abokan aikinsa a jami'ar ETH Zurich ta Siwizalan sun nemi irin wannan a cikin halitta. A 2016 suka tabbatar da dabarar ta lissafi tsantsa, a 2019 suka gina ta cikin E. coli. Furotin biyu ake amfani da su, waɗanda in sun haɗu sukan kama juna su kashe aikin juna. Na farko ana yin sa daidai wa daida, shi ne kuma ke tura aiki. Na biyu ana yin sa gwargwadon yawan abin da aikin ya fitar. In abin ya yi yawa, na biyu ya ƙaru ya cinye na farko, aiki ya lafa. In ya yi kaɗan, na farko ya taru, aiki ya tashi. Ba za a zauna lafiya ba sai yin na biyu ya yi daidai da yin na farko, don haka matsakaicin abin da ake fitarwa yana komawa inda aka sa shi ko da an dame shi. Furotin biyun da suka yi amfani da su kuwa daga Bacillus subtilis aka samo su, bakteriyar nan da ke kan gaba wajen yin daddawa.

Iyakar abin

Kwamfuta ba ta sanin abin da ba a gaya mata ba. A 2012 ƙungiyar Markus Covert a Jami'ar Stanford ta yi samfurin bakteriya sukutum, amma sai da suka zaɓi Mycoplasma genitalium mai ƙwayoyin gado 525 kacal. A 2016 cibiyar Craig Venter ta gina bakteriya mai ƙwayoyin gado 473, waɗanda aka rage har iya abin da rayuwa ke buƙata, amma a lokacin 149 daga ciki ba a san takamaiman aikinsu ba. Saboda haka masana suke bin zagaye: a tsara, a gina, a gwada, a koya, a sake tsarawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Me ya sa duk wannan wahala? A 2006 ɗaliban Jami'ar Edinbara suka kai gasar iGEM wata bakteriya da aka tsara don gano gubar asinik, wadda ta gurɓata rijiyoyi masu yawa a Bangaladash. Ku yi tunani: in irin wannan ma'auni ya ce ruwa lafiya lau alhali akwai guba, gara ma babu shi, don mutane za su sha hankali kwance. Haka magani, haka duk abin da za a fitar daga ɗakin gwaji. Hukuma ma ba za ta iya ba da izini a kan abin da ba a san halinsa ba. A Nijeriya an kafa hukumar da ke sa ido kan halittun da aka sauya wa gado a 2015, a 2019 kuma aka gyara dokarta ta haɗa da wannan fanni.

Kammalawa

Ya ku ɗalibai, akwai masu zaɓen ilimin halittu don su guje wa lissafi. Wannan darasi ya nuna cewa a yau darussan biyu ɗanjuma ne da ɗanjummai. Duk misalan da muka yi a nan ba su wuce tarawa da ninkawa da rabawa ba, kuma daga nan manyan masanan suka fara. Wanda ya riƙe su da kyau tun daga aji ɗaya, ƙofar wannan fanni a buɗe take gare shi.

Tambayoyi don nazari

1. Kawo dalilai huɗu da ke sa bakteriyar da aka tsara ta kauce wa abin da aka zata.

2. Ana yin furotin 30 kowane minti, kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke akwai yana lalacewa kowane minti. A nawa adadin zai tsaya?

3. Idan matsakaicin wani furotin 25 ne, kimanin kashi nawa cikin ɗari zai riƙa kaucewa?

4. Sake lissafin lalacewa, amma a ce lalatacciyar tana rabuwa kowane minti 20. Awa nawa za a ɗauka kafin ta kai rabin tukunya?

5. Me zai faru da agogon nan in masu gadin biyu ne maimakon uku? Bayyana dalilinka.